Yadda za ka yi rijistar Daman da Hisabul Muwaɗin ba tare da an dawo maka da buƙatarka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina da duk inda Bahaushe yake a ƙasar nan. Na daɗe ina so in zauna in rubuta wannan abin, don wallahi raina na ɓaci idan na ga tsofaffinmu suna fama da kuɗin haya da kuɗin wuta alhali suna da hakki a wajen gwamnati ba su karɓa ba, wasu kunya ce ta hana su, wasu an tsorata su da cewa za a zo a bincike musu gida, wasu kuma sun gwada sau ɗaya saƙo ya zo musu da "gairu mu'ahhal", wato ba ka cancanta ba, sai suka ce shikenan ba rabonsu ba ne. Ni da hannuna na yi wa Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune wajen Shari' Mansur a Makka, sau biyu ana mayar mana kafin a na uku ya wuce, kuma duk sau biyun nan matsalar daga takardunmu take. To abin da na koya a wannan wahalar shi zan zayyana muku.

Da farko dai a gane abu biyu ne daban, don mutane na haɗa su. Akwai Daman, wato Damanul Ijtima'i, akwai kuma Hisabul Muwaɗin, duk tallafin kuɗi ne da gwamnatin Saudiyya ke biya wata-wata. Duka biyun suna ƙarƙashin ma'aikatar ma'aikata da walwalar jama'a, wadda muke ce wa Mawarid Bashariyya, amma kowanne da shafinsa da sharuɗɗansa da ranar biyansa, kuma gida ɗaya na iya samun duka biyun. Daman daɗaɗɗe ne, tun 1962 ake da shi, kakanninmu sun san shi, sai a ƙarshen 2021 aka sake masa tsari gaba ɗaya aka kira shi Daman Muɗawwar, aka fara biya da sabon tsarin a Janairun 2022. Da can abin da aka fi dubawa shi ne ke bazawara ce ko maraya ne ko tsoho ko mai naƙasa, yanzu kuwa gidan ake aunawa dungurungum, mutum nawa ne a ciki kuma nawa ke shigo musu a wata, shi ya sa ko magidanci mai zuwa aiki kullum idan albashinsa bai kai ba yana iya shiga, kuma wannan fa mutane da yawa har yau ba su sani ba. Shi kuwa Hisabul Muwaɗin an fara biyansa ne a Disambar 2017, dab da lokacin da aka ƙara kuɗin fetur da wuta aka kuma kawo harajin kaya na kashi 5 a Janairun 2018, wanda ya koma kashi 15 a Yulin 2020, an yi shi ne don ya rage wa masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita raɗaɗin tsadar. A Yulin 2022 da kaya suka yi tashin gwauron zabi a duniya Sarki Salman ya ba da umarnin ware riyal biliyan 20, kusan rabinsu aka raba kai tsaye ta Daman da Hisabul Muwaɗin da ƙananan makiyaya, aka sake buɗe rijistar Hisabul Muwaɗin bayan an daɗe da rufewa, kuma ƙarin da aka yi masa an yi ta sabunta shi shekara bayan shekara. A 2023 kuma aka ɗaga kason maigida a Daman daga riyal 1100 zuwa 1320. Kun ga ƙofar faɗaɗa ta ake ta yi, wanda aka hana shi shekarun baya ya kamata ya sake gwadawa.

Sai maganar da dole in faɗa tun yanzu don kada in sa wa wani rai. Wannan tallafin na 'yan ƙasa ne, masu hawiyya, wato katin ɗan ƙasa. Mu Hausawan nan kashi-kashi ne kowa ya sani, akwai waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako teku daga Sawakin suka samu takardar ƙasa tun da daɗewa, su ne za ka ga Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ƙarshen sunansu, akwai kuma waɗanda aka haife su a nan aka haifi iyayensu a nan amma har yau igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, suke sabuntawa. Mai igama zalla ba ya cikin tsarin, kuma duk wanda ya ce maka zai shigar da kai ka ba shi wani abu to kuɗinka kawai zai ci. Amma akwai waɗanda aka keɓe, kuma a cikinmu suna da yawa sosai: matar da ba 'yar ƙasa ba amma tana auren ɗan ƙasa, ko wadda mijinta ɗan ƙasa ya rasu ko ya sake ta ya bar ta da 'ya'ya 'yan ƙasa, da 'ya'yan mace 'yar ƙasa da ta haifa da wanda ba ɗan ƙasa ba, da wasu daga cikin masu katin tanaƙƙul, wato katin da ake ba wasu mazauna ƙasar da ba su da takardar ƙasa. Sharaɗin kowane kashi ya ɗan bambanta tsakanin Daman da Hisabul Muwaɗin, don haka idan kina cikin ɗayan waɗannan kada ki yanke wa kanki hukunci, ki shiga ki karanta sharaɗin da ya shafe ki. Na san wata baiwar Allah a layinmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu duk masu hawiyya, ta shekara biyu tana sayar da fanke da ƙosai tana cewa ita ai baƙuwa ce ba ta da komai a nan, alhali sunanta ɓaro-ɓaro yana cikin waɗanda aka keɓe. Waɗanda kuma ba su shiga ko ɗaya ba, sai a nemi jam'iyyoyin khairiyya na unguwa, kowacce da nata sharaɗin, kuma mu da Allah ya sa muke da takarda nauyinsu na kanmu, wannan ba sai an faɗa ba.

To kafin ka taɓa shafin rijista ko da wasa, fara da wayar. Komai a ƙasar nan yanzu ta Absher, wato manhajar hidimomin gwamnati, da Nafath yake bi, idan ba ka da Absher mai aiki ba inda za ka je. Ka tabbata lambar wayar da ke cikin Absher ɗin ita ce a hannun mai neman, kuma layin da sunansa yake. Nan muka fara tuntuɓe da Gwaggo. Shekarun baya ɗanta ne ya buɗe mata Absher ya sa lambarsa, shi kuma yanzu yana aiki a Dammam, duk lambar sirrin da aka turo can take tafiya, mu muna zaune a kan kafet bayan isha muna kiransa yana wajen aiki bai ɗauka ba, kafin ya kira mu lokacin lambar ya ƙare, haka muka yi ta yi har dare ya raba. Washegari na ɗauke ta muka je muka sauya lambar ta koma tata. Nafath kuma manhaja ce da za ka sauke a wayar, idan za ka shiga shafin gwamnati sai ya nuna maka wata lamba a allo, ka buɗe Nafath ka zaɓi irinta, wani lokacin ya nemi ya ga fuskarka. Ga tsofaffi mata a zaunar da su a ɗaki mai haske a cire niƙabi a riƙe musu wayar daidai fuska, don hannunsu na rawa kuma suna yawan sunkuyar da kai, Gwaggo sai da na ce mata "Gwaggo kalle ni nan kamar za ki yi min faɗa" sannan ya karɓa.

Na biyu adireshi, Unwanul Waɗani, wanda ake yi a wajen gidan waya na Subul. Akwai gajerensa mai harafi 4 da lamba 4, ka rubuta shi ka ajiye. Abin lura shi ne adireshin ya zama na gidan da kake kwana yanzu, kuma duk wanda za ka sa a matsayin ɗan gidan shi ma adireshinsa ya zama nan. 'Yan uwanmu na Jidda ku kula da wannan sosai, tun da aka yi rusau na unguwanni a 2021 da 2022, su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara da Bitrumin, mutane suka watsu wasu suka koma wajen dangi wasu suka kama haya can nesa, amma da yawa a kwamfuta har yau suna zaune a gidan da babu shi. Mu ma nan Makka an taɓa unguwanni da dama. Idan adireshinka na nuna wani wuri takardar hayarka na nuna wani wuri, to ka riga ka ba da dalilin da za a tsayar da kai.

Na uku, kuma inaga shi ne ya fi kayar da mutanenmu, takardar gida. Idan gidanka ne to sakk ɗin, wato takardar mallakar gida, ya zama da sunanka, idan haya ne to a yi aƙadin, ma'ana yarjejeniyar hayar, a Ejar, wato tsarin da gwamnati ke rijistar haya ta intanet. Mu kuwa mun saba da hayar amana, mai gida ya san mahaifinka ka san mahaifinsa, shekara 20 kana biya hannu da hannu, in an yi takarda ma da biro ce a kan fallen littafi. Gwaggo irin wannan take da ita, tana naɗe cikin leda a ƙasan akwati tare da katin rigakafin yara na da, ta miƙo min da ƙarfin gwiwarta ta ce ga shi nan 'yar nan har da sa hannun shaidu. Na ɗauki hotonta na tura, aka mayar. Da muka je wajen mai gidan ya yi ta jan ƙafa, yau ya ce sakk ɗin na gado ne sai ya tara 'yan uwansa gobe ya ce ya yi tafiya, sai da muka shiga da wani dattijo da yake jin nauyinsa sannan ya yarda aka je maktab aƙari, wato ofishin dillalan gidaje, aka yi. Shawarata ka fara wannan maganar da mai gidanka tun yau, cikin mutunci, ka nuna masa shi ma kariya ce gare shi don in an samu saɓani takardar Ejar ce ake dubawa. Kuma idan aƙadin ya kusa ƙarewa a sabunta shi kafin ya mutu, don ana iya tsayar da kuɗin mutum a kan wannan kaɗai. Saurayi ko budurwa da ke son yin Hisabul Muwaɗin shi kaɗai a matsayin mai zaman kansa shi ma sai ya kawo irin wannan shaidar cewa da gaske gidansa daban, kuma kada a je a ƙirƙiro aƙadin ƙarya kana kwana ɗakin mahaifiyarka, ana zuwa dubawa.

Na huɗu akawun banki da lambar IBAN, mai farawa da SA. Da sunan mai neman zai kasance, akawun ɗa ko na miji ba ya yi, kuma ya zama yana aiki, don idan hawiyya ta ƙare ba a sabunta a banki ba suna daskarar da akawun ba ka sani ba. Ka kwafo lambar daga manhajar bankin kai tsaye, kada ka tsaya rubutawa da hannu, lamba ɗaya ta kauce an koma baya wata guda.

Idan waɗannan huɗun sun kammala to ka yi rabin aikin har da ɗoriya. Yanzu sai ka samu takarda da biro ka zauna da mutanen gidan ku yi lissafi kafin ku buɗe shafi. A rubuta duk wanda ke kwana a gidan da lambar hawiyyarsa da ranar haihuwa, a rubuta abin da kowa ke samu. Daman na raba kuɗin shiga gida biyu, akwai wanda ka yi aiki ka samu kamar albashi ko ribar sana'a, wannan rabinsa kawai ake lissafawa, akwai kuma wanda ke zuwa ba da aiki ba, wannan duka ake lissafa shi. Ma'aunin kuwa riyal 1320 ne na maigida, 660 na kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, kuma duk yawan gida ba ya wuce 5000. Bari in ba da misali don a gane, magidanci da mata da yara uku, shi 1320, su huɗun 2640, an samu 3960 ke nan. Idan albashinsa 3000 ne sai a ɗauki rabi wato 1500 a cire daga 3960, abin da ya rage 2460 shi ne kimanin abin da zai samu a wata. Kun ga hikimar rabin nan, an yi ta ne don kada mutum ya ce gara in ajiye aiki in zauna, mai aiki kullum ya fi wanda ba ya yi samu. Akwai na'urar lissafi a shafin Daman da na Hisabul Muwaɗin, hasiba taƙdiriyya, ka sa alƙalumanka ta nuna maka kimanin naka, ka gwada ta kafin ka sa rai. Ana kuma duba dukiya, filaye da gidaje da kuɗin da ke ajiye, wanda yake da kadara mai tsada ba zai wuce ba ko da ba ya da albashi.

Dan Allah a nan a faɗi gaskiya. Kwamfutocinsu a haɗe suke da na inshorar ma'aikata da na sijilli, wato rijistar kasuwanci, da sauransu, abin da ka ɓoye suna ganinsa. Karo na biyu da aka mayar mana dalilin ke nan, jikan Gwaggo da ke zaune wajenta ashe wani shago ya taɓa sa sunansa a matsayin ma'aikaci da albashi a rubuce, yaron ya bar wajen tun tuni amma ba su cire shi ba, mu mun rubuta ba ya samun komai su kuma suna ganin albashi. Sai da ya je ya sa aka cire sunan. Don haka kowane baligi a gidan ya shiga manhajar Ta'aminat ta inshorar ma'aikata ya duba ko akwai wani aiki da ke rataye a wuyansa, haka wanda ya taɓa ba wani aron sunansa aka buɗe sijilli, wannan al'adar ta ba da aron suna ta cuci mutane da yawa. Kuma dokar Daman ta tanadi tarar da ta kai riyal 10,000 ko ɗaurin da ya kai shekara ga wanda ya karɓa ba bisa hakki ba, ga kuma mayar da abin da ya ci. Maigidan da ya karɓa bai ciyar da iyalinsa da shi ba shi ma akwai nasa hukuncin, tarar da ta kai 5000 ko ɗaurin wata uku, mata ku san da wannan.

Shigar kanta ba ta da wuya. Na Daman ta shafin ma'aikatar ne, sbis.hrsd.gov.sa, na Hisabul Muwaɗin kuma ca.gov.sa ko manhajarsa, ka lura duk suna ƙarewa da gov.sa, duk wani shafi da aka turo maka a WhatsApp da ba haka ya ƙare ba kada ka taɓa shi. Za ka shiga da Nafath, a Daman ka cike abin da suke kira malaf muwahhad, fayil ɗaya na gidan gaba ɗaya, bayananka, na gida, na mutanen gida, kuɗin shiga, kadarori, akawun banki, sai ka ɗora takardun. Hoton takarda ya fito tas, a shimfiɗa ta a ƙasa a ɗauka da rana, kusurwa huɗun duk su fito. Wani abu da ake mantawa, manyan da ka sa a ƙarƙashinka su ma sai kowa ya shiga da nasa ya amince cewa e yana gidan, in ɗaya bai yi ba fayil ɗin na nan tsaye kai kana can kana jira kana cewa sun yi shiru. Bayan ka gama cike fayil ka tabbata ka danna neman Daman ɗin kansa, cike fayil daban tura buƙata daban, ka ga lambar buƙata ta fito ka ɗauki hotonta.

Idan kai ba ka iya ba ka nemi ɗanka ko 'yarka ko wani na jiki da ka yarda da shi ya zauna kusa da kai ku yi tare. Rijistar kyauta ce ba a biyan ko halala. Masu shagunan khidma na unguwa wasunsu mutanen kirki ne suna karɓar ɗan abin aikinsu su cike maka a gabanka, amma kada ka bar musu lambar sirrinka ka tafi gida, kuma kada ka taɓa amincewa da buƙatar Nafath da ba kai ka tura ba. 'Yan damfara na kira su ce daga ma'aikata suke za a sabunta maka bayanai ko za a ƙara maka kuɗi, ka zaɓi lamba kaza a Nafath, kana zaɓa ka buɗe musu ƙofa, su buɗe akawun ko su ci bashi da sunanka. Tsofaffinmu ake fi yi wa haka saboda suna jin Larabci mai kyau a waya sai su ɗauka hukuma ce. Ku gaya wa iyayenku duk wanda ya kira ya nemi lamba su kashe wayar kawai. In kana da tambaya kai ne za ka kira su, ma'aikatar 19911, Hisabul Muwaɗin 19912.

Sai zuwan bahis, wato ma'aikacin da ake turowa ya ga gidan da idonsa. Wannan ne abin da ya fi tayar wa Gwaggo hankali, ranar da aka sa mana tun asuba ta tashi tana goge-goge, har ta aika a aro mata sabon kafet da labule a maƙota wai kada baƙo ya ga tsohon da ya koɗe, ta dafa gahawa ta jera dabino a faranti. Na ce Gwaggo gahawar dai a bar ta, baƙo baƙo ne, amma kafet ɗin nan a mayar, halin da kike ciki aka zo gani. Ta yi shiru can ta ce ita fa ba ta taɓa roƙo ba tunda take, mijinta ya yi shekara 30 yana ɗaukar kayan alhazai bai taɓa miƙa hannu ba. Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce mata kuɗin nan fa zakka ce, wadda hukumar zakka ke karɓa a hannun kamfanoni da 'yan kasuwa ana zuba ta a Daman, Allah da kansa ya yanka wa mabuƙaci kasonsa a ciki, in ba ki karɓa ba ma ba ki rage wa kowa nauyi ba. Da wadda aka turo ta zo, mace ce, ta gaishe ta da Khala, ta duba hawiyyoyi ta tambayi waye ke kwana a wane ɗaki ta ga takardar haya, ba ta daɗe ba ta tafi. Abin da ake so kawai ka kasance a gida ranar, mutanen da ka rubuta su ma su kasance in da hali, takardu na asali a kusa, waya a kunne don suna kira kafin su zo, kuma ka nemi ganin katin aikin mutum kafin ka buɗe masa ƙofa.

Sakamakon Daman na fitowa wajen ƙarshen wata, kuɗin kuma ranar 1 ga watan Miladiyya, na Hisabul Muwaɗin ranar 10, idan ranar ta faɗo Juma'a a biya Alhamis idan Asabar ce a biya Lahadi. Da azumi kuma an saba Sarki na ba da umarnin ƙarin tallafi ga masu Daman, 1000 ga maigida 500 ga kowane na ƙarƙashinsa. Akwai wasu sauƙaƙe-sauƙaƙen da ke biyo bayan shiga, kamar tallafin kuɗin wuta da yafe wa yara kuɗin jarrabawar Ƙiyas ta neman shiga jami'a, na wutar ka tabbata ka sa lambar mitar gidanka a fayil.

In kuma saƙon ya zo da gairu mu'ahhal, to a nan ne nake roƙonku kada ku ajiye waya ku ce haka Allah ya so. Ka shiga shafin, suna rubuta dalili, ka karanta shi da kyau ko ka sa a karanta maka. Sau da yawa abu ne ƙarami, takarda ba ta fito ba, aƙadi ya ƙare, wani a gidan bai amince ba, ko wani albashin da ba ka san da shi ba. Kana da damar i'itirali, wato ƙorafi, a Daman cikin kwana 30 daga fitowar sakamako, a Hisabul Muwaɗin cikin kwana 90. Amma fa ka gyara matsalar tukuna sannan ka tura ƙorafin tare da shaida, rubuta dogon bayani na cewa kana cikin wahala ba tare da takarda ba ba ya sauya komai, layi biyu da takarda mai kyau sun fi.

Bayan ka shiga ma akwai abin kiyayewa. Yara su ci gaba da zuwa makaranta, a yi musu rigakafi a kan lokaci, wanda aka ga yana da lafiyar aiki za a nemi ya yi rijista a dandalin neman aiki na Jadarat ya kuma halarci horon da aka tura shi, in ya yi ta ƙin zuwa yana iya jawo wa gidan matsala. Masu tafiya gida kuma, Kano ko Damagaram ko Sudan wajen dangi, ku riƙa ƙirga kwanaki, a Hisabul Muwaɗin idan ka wuce kwana 90 a wajen ƙasa cikin wata 12 ka fita daga sharaɗi, Daman shi ma zama a ƙasar sharaɗi ne, kuma kun san tafiyarmu, an je biki sai a ce a tsaya suna sai a ce a tsaya azumi. Duk wani canji kuma, haihuwa ko rasuwa ko aure ko saki ko sauya gida ko samun aiki, a Daman kwana 15 aka ba ka ka sanar. Jikan Gwaggo da ya samu aikin gadi watan jiya, ranar da ya sa hannu a takarda da daddare muka zauna muka shigar da albashin, kuɗinta ya ɗan ragu kamar yadda lissafin rabin nan ya nuna, amma in an haɗa da abin da yaron ke kawowa gidan ya fi da samu, kuma na riga na rubuta mata ranar da aƙadin hayarta zai ƙare a jikin kalandar da ke bayan ƙofa don mu je wajen mai gidan tun da saura wata biyu.